Yadda Muka Sauke Tafki Muka Buɗe wa Kifi Hanya

Aikina auna ruwa ne: yawansa, zafinsa, iskar da ke cikinsa da lakar da yake ɗauke da ita. Da wannan sana'a aka sa ni cikin ma'aikatan da suka rushe wata tsohuwar madatsar ruwa a wani ƙaramin kogi da ke gangarawa Tekun Pasifik, a arewa maso yammacin Amurka. Duk wanda ya ji labarin yakan tambaye ni batun nakiya da katafila. Gaskiya fasa kankaren shi ne abin da ya fi sauƙi a aikin gaba ɗaya. Inda muka sha wuya shi ne tafkin da ke bayan bangon: yaushe za a sauke shi, da wane sauri, kuma ina lakar da ya tara za ta nufa.

Madatsa biyu ne a kogin. Ta sama babba ce, ita ke ajiye ruwan sha da na noman rani, kuma ba wanda ya ce a taɓa ta. Ta ƙasa ita ce tsohuwar, an gina ta ne don lantarki tun zamanin da ba a tambayar ra'ayin kifi. Lasisin irin waɗannan madatsu a Amurka yana hannun hukumar tarayya mai kula da makamashi, wadda ake kira FERC, kuma yakan yi shekara 30 zuwa 50. Idan wa'adi ya cika sai a sake duba komai da dokokin yau, ciki har da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa ta 1973. A nan ne masu madatsar suka yi lissafi, suka ga kuɗin gina wa kifi hanya ta zamani ya fi abin da lantarkin zai kawo musu nesa ba kusa ba. Ba su ne farau ba. Tun 1997 hukumar ta ƙi sabunta lasisin madatsar Edwards a kogin Kennebec na jihar Maine, aka rushe ta a 1999, kuma daga lokacin masu tsofaffin madatsu suka san iska ta juya.

Kifin da ake yi domin sa shi ne salmon. A cikin tsakuwar kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku yana ɗan yatsa, ya girma a can shekaru kaɗan, sannan ya juyo ya hau kogin da aka haife shi don ya zuba ƙwai ya mutu. Bango ɗaya a tsakiyar hanya ya isa ya yanke wannan zagaye. Madatsarmu tana da tsanin kifi, wato jerin ƙananan kwarmi da ruwa ke bi mataki-mataki, amma mashigarsa tana wurin da kifi ba ya nema, domin shi kifi mai hawa yana bin inda ruwa ya fi ƙarfi ne, ƙarfin kuwa yana fitowa ta ƙarƙashin injinan lantarki. Sai ka ga manyan kifaye sun yi cincirindo a gindin bango suna dukan kankare, tsanin na can gefe ba kowa. Masu gangarowa kuma tasu matsalar daban. Ƙananan sun saba igiyar ruwa ta ɗauke su, idan suka faɗa tafki mai kwance sai su ɓata, su daɗe suna yawo, manyan kifayen tafki da tsuntsaye suna ta ɗauka ɗai-ɗai. Wanda ya tsira ya bi ta cikin farfelar inji.

Kafin izinin rushewa ya fito an yi shekaru ana zaman jira, kuma a shekarun nan ne na koyi mafi yawan abin da na sani. An umarce mu mu tafiyar da tafkunan biyu ta yadda kifin da ya rage ba zai ƙare kafin a buɗe masa hanya ba. Manyan da suka iso gindin bango mukan kama su a tarko, mu zuba su a tankar ruwa, mota ta kai su sama. Abu ne mai ban takaici ka ga halittar da ta yi dubban kilomita a teku ta ƙarasa tafiyarta a bayan mota, amma ya fi babu.

Babban darasin yana cikin zafin ruwa. Tafki mai zurfi a watannin zafi yakan rabu hawa-hawa: na sama ya ɗumama ya yi sauƙi, na ƙasa ya zauna da sanyinsa da nauyinsa, ba sa gauraya. Wannan ruwan sanyi na ƙasa dukiya ce da ake ƙirgawa, domin salmon yana fara galabaita da zarar zafi ya doshi digiri 20, ƙwansa kuwa yana son ƙasa da haka sosai. To amma ruwan sanyin yana da iyaka. Idan ka sake shi da yawa a watan Yuni don ka faranta wa kowa, Satumba za ta zo, manyan kifaye su shigo daga teku, ka buɗe ƙofa ka tarar ruwan ɗumi kaɗai ya rage maka. Haka ta faru a madatsar Shasta ta Kalifoniya a farin 2014 da 2015: ruwan sanyi ya kasa kai ƙarshen kaka, kusan kashi 95 cikin 100 na ƙwai da ƙananan wani nau'in salmon na kogin Sacramento suka halaka. Mu ma duk mako sai mun shiga kwalekwale mun saukar da na'ura daga saman tafkin sama har ƙasansa, muna rubuta zafi a kowace mita, don mu san nawa ya rage a asusun.

Akwai kuma saurin rufe ƙofa. Dattijon da ya yi shekaru yana riƙe da ƙofofin madatsar ƙasa shi ya fara nuna mini wannan da idona. Ya kai ni wata shimfiɗar tsakuwa a ƙasan bango, ya ce, "Yaro, kai takarda ke gaya maka ruwa ya ragu. Ni nan nake zuwa in gani." Idan aka rage ruwa farat ɗaya, gefen kogi yakan bushe cikin mintuna, ƙananan kifi su maƙale a 'yan kududdufai tsakanin duwatsu, ramukan ƙwai su fito fili rana ta doke su. Don haka aka ƙayyade mana santimita nawa ruwa zai iya sauka a cikin awa guda, kuma a lokacin da ƙananan ke fitowa daga tsakuwa ƙa'idar ta fi tsanani. Ya kuma koya mini kada in yarda a saki ruwa da yawa daidai lokacin zuba ƙwai. Idan kogi ya cika, kifi zai haƙa ramukansa can sama a gefe, kuma daga ranar ka ɗaure kanka: dole ka riƙe ruwa a wannan tsayi har watanni, ko kana da shi ko ba ka da shi.

Manoma ba su ji daɗin wannan tsari ba, kuma ban ga laifinsu ba. Duk ruwan da muka ajiye wa kifi na Satumba, ruwa ne da gonar wani ta so a Yuli. Duk taron da aka yi sai an ambaci kogin Klamath na jihohin Oregon da Kalifoniya, inda a 2001 aka rufe wa manoma ruwa saboda kifi, a 2002 aka mayar musu, sannan a watan Satumba na shekarar manyan salmon sama da 30,000 suka mutu a ƙasan kogin saboda ƙarancin ruwa da ɗumi da cuta. Kowane ɓangare yana ɗaukar shekarar da ta dace da hujjarsa ya bar ɗayar.

Da izini ya kusa, sai hankali ya koma kan laka. Madatsa tana tare duk abin da kogi ya ɗauko: tsakuwa da yashi su zube a bakin tafki daga sama, lallausar laka ta wuce ta kwanta kusa da bango. Mun bi tafkin da kwalekwale muna auna zurfinsa da na'urar amsa-kuwwa, muka kwatanta da tsohuwar taswirar kwarin kafin a cika shi, bambancin ya ba mu yawan abin da ya taru. Sannan aka kafa bututu a wurare da dama aka zaro lakar tun daga sama har tsohuwar ƙasa, aka kai ɗakin gwaji. Wannan mataki ba a tsallake shi, saboda abin da ya faru a kogin Hudson a 1973: an rushe madatsar Fort Edward ba tare da an san lakar bayanta cike take da gubar masana'antu mai suna PCB ba, ta bazu ƙasan kogin, aka yi shekaru da dama ana fama. Tamu ta fito da tsabta, domin ba masana'anta ko ma'adinai a saman kogin. Da ta fito da guba, da sai an kwashe ta da inji an kai wani wuri, kuma kuɗin hakan kaɗai kan kashe aiki irin wannan tun a takarda.

Tun da lakar ba ta da illa, sai aka yanke a bar kogi ya ɗauki kayansa. Muhawarar da ta rage ita ce a sake ta gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan, kuma kowane ra'ayi yana da abin nunawa. A madatsar Condit ta kogin White Salmon, a watan Oktoba na 2011, nakiya aka sa aka huda gindin bango mai tsayin mita 38, tafkin ya tsiyaye cikin 'yan sa'o'i. A kogin Elwha kuwa, inda madatsu biyu na 1913 da 1927 suka tara laka kimanin tan miliyan 30, an riƙa gutsurar bangon ne daga sama, daga Satumba 2011 har Agusta 2014, ana tsayawa a lokutan da kifi ke wucewa. Har ma sai da aka dakatar da aikin kusan shekara guda saboda laka ta toshe matatar ruwan da ke ƙasa. Masana kifi da ke cikinmu suka kawo hujjar da ta rinjaye ni. Salmon ba ya dawowa duka a shekara ɗaya, kowane lokaci akwai 'yan shekaru daban-daban a teku. Idan ka dagula kogi sosai sau ɗaya, zuriyar shekara ɗaya ka cutar, sauran suna teku lafiya. Idan ka ja abin shekara uku ana dagulawa kaɗan-kaɗan, ka taɓa zuriya uku a jere. Tafkinmu ƙarami ne, lakarsa lallausa, sai aka zaɓi bugu ɗaya.

Ranar farawa kifi ne ya tsayar da ita. A watan Janairu manyan sun riga sun gama zuba ƙwai, mafi yawa a ƙananan rafuffukan da ke shiga kogin, inda lakarmu ba za ta kai ba. Ƙananan ba su fara gangarowa ba sai wajen Maris zuwa Mayu. A wannan yanki hunturu ne lokacin ruwan sama, kogi yana da ƙarfin kwasa. Ga kuma batun iska: ruwa mai digiri 5 yana riƙe oksijin kusan miligiram 13 a lita, mai digiri 25 kuwa ɗan sama da 8, kuma kifi a cikin sanyi ba ya bukatar iska da yawa. Dalilan nan ne suka sa a Klamath ma aka fara sauke tafkuna a Janairu 2024. Kafin ranar mun kwashe abin da za mu iya kwashewa daga ƙasan bango, kifi da ƙumba, muka kai su rafuffukan gefe.

Ƙofar ƙasa ta madatsar ta yi shekaru ba a buɗe ta ba, laka ta binne ta. Sai da masu ninƙaya da kayan nutso suka share bakinta. Da aka ɗaga ta, abin da ya fara fitowa baƙi ne mai kauri, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ina tsaye a tashar awo ta farko a ƙasan bango ina kallon lambar oksijin tana faɗuwa har ta kusa sifili. Mun san haka za ta faru: lakar da ta daɗe a binne cike take da ruɓaɓɓen ganye da sinadaran da ba su taɓa haɗuwa da iska ba, da zarar sun shiga ruwa sai su shanye oksijin ɗinsa. Sani daban, gani daban. Washegari gaɓar kogi ta yi fari da matattun kifi, mafi yawansu irin na tafki ne da aka kawo daga wasu wurare tun da daɗewa, amma akwai 'yan asalin kogin a ciki. Hotunan suka bazu, aka yi ta zaginmu, wasu na cewa mun kashe kogi da sunan ceto shi. Ba mu da amsar da za ta gamsar da mai kallon gawa. Abin da muke da shi lambobi ne, kuma sun nuna iska tana dawowa yayin da ruwan ke nisa, rafuffuka masu tsabta suna shigowa suna tsarma shi.

A nan madatsar sama ta yi mana rana. Tun kaka muka roƙi a riƙe mana wani kaso na ruwanta, kuma da shi muka riƙa sako ambaliya ta ganganci, a buɗe na ɗan lokaci a rufe, don a ture lakar da ta kwanta a tsakiyar kwari kafin ƙananan kifi su fara saukowa. Ba don wannan ajiya ba, da mun zauna jiran hadari, in ya ƙi zuwa laka ta kai mu har watan Afrilu.

Saurin saukar tafkin shi ne abin da ya hana ni barci. Ƙasar da ke kewaye da tafki ta sha ruwa shekara da shekaru. Idan ruwan tafkin ya janye da sauri fiye da yadda na cikin ƙasar zai tsiyaye, sai gaɓa ta rasa abin da ke tokare ta, ta zube kamar katangar laka da damina ta jiƙa. Akwai gidaje da hanyar mota a wani gefe, don haka aka kafa ma'aunai a cikin ƙasa da ke nuna matsin ruwa, kuma kowace safiya mukan zauna da injiniyan ƙasa mu duba su kafin a ƙara buɗe ƙofa ko a rage. Masu kifi na cewa a yi sauri, injiniya na cewa a bi a hankali, kuma duka biyun suna da gaskiya. Sau da dama sai mun rage buɗin mun jira ƙasa ta tsane. Duk da haka wani yanki ya zaftare inda ba gini, wasu rijiyoyin maƙwabta suka ƙafe, aka riƙa kai musu ruwa da tanka kafin a haƙa musu masu zurfi. Barewa ma sun riƙa maƙalewa a taɓo suna neman ruwan sha, sai da aka kewaye wasu wurare da shinge.

Wata dattijuwa da gidanta ke kallon tafkin ta same ni a bakin shingen, ta ce, "Ɗana, a nan na koya wa jikokina iyo. Yanzu me zan nuna musu?" Na ce, "Mama, a ba shi shekara biyu." Ba ta ce komai ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ta yarda da ni ba a ranar, domin abin da ke gabanta fili ne na baƙar laka mai tsagewa, da kututturan itatuwan da aka sare tun kafin a haife ta. Mutanen ƙabilar da ke da haƙƙin kamun kifi a kogin tun kafin zuwan Turawa su ma sun zo, suka tsaya shiru suna duban wani dutse da ya fito daga ruwa, wanda kakanninsu suka ba su labarinsa ba su taɓa gani ba. Fili ɗaya ne duka suke kallo.

Su ne kuma suka riƙe aikin shuka. Sun yi shekaru suna tara irin ciyayi da itatuwan yankin, kuma tun laka na da danshi suka shiga watsa shi, domin ƙasa tsirara ba ta jiran kowa: in ba ka shuka naka ba, baƙin ciyayi masu mamaya za su riga ka.

Kankaren an fasa shi ne a watannin rani, lokacin da ruwa ya yi ƙasa kuma doka ta yarda a shiga cikin kogi da inji. An karkatar da ruwan ta gefe da ɗan shingen ƙasa, katafila mai guduma ta riƙa cin bangon daga sama, aka ware ƙarfe, aka kwashe ɓaraguzai. Abin da na nace a kai shi ne a haƙa har tsohon gindin kogi, kada a bar ko guntun tushe. A Elwha bayan an gama, duwatsun da suka faɗa mashigin madatsar sama sun tare kifi, sai da aka koma aka fasa su. Mataki na mita ɗaya da aka manta zai iya zama sabuwar madatsa idan ruwa ya ragu.

Kifin bai jira biki ba. A kakar farko na'urar da muka kafa a tsohon wurin bangon, mai ganin abin da ke motsi a cikin ruwa ko da ya dagule, ta fara nuna manyan jikkuna suna wucewa sama da dare. Bayan 'yan makonni masu bin rafuffuka a ƙafa suka fara samun ramukan ƙwai, tsakuwa mai haske da kifi ya share da wutsiya, a wuraren da ba a ga salmon ya zo da kansa ba tun kafin a haifi kowa a cikinmu. A Klamath ma haka aka gani: an kammala rushe madatsu huɗu a farkon Oktoba 2024, kuma a cikin watan aka ga salmon a yankin Oregon na kogin, karo na farko tun 1912. Sai dai ina jan kunnen masu murna da wuri. Zuwan kifi na farko yana nuna hanya ta buɗe ne kawai. Ko zuriya za ta farfaɗo, sai 'ya'yan waɗannan sun je teku sun dawo, nasu 'ya'yan ma sun dawo, ga kuma ɗumamar teku da ba ta hannun kowa a cikinmu. A Elwha sai a Oktoba 2023, shekara tara bayan faɗuwar bango na ƙarshe, ƙabilar Lower Elwha Klallam ta sake yin ɗan kamun kifi na al'ada, shi ma da ƙayyadadden adadi.

Ni aikina ya ƙaru ne. Da can ruwan da muka sako daga madatsar sama yakan huta a tafkin ƙasa, duk kuskuren buɗe ƙofa ya narke a can. Yanzu abin da aka yi a ƙofar sama yana isa ramukan ƙwai kai tsaye cikin sa'o'i, kuma ramukan sun bazu har gindin babbar madatsar. An sake rubuta ƙa'idar saurin rage ruwa ta fi ta da tsanani, an ƙara yawan ruwan sanyin da dole a riƙe zuwa Satumba, kuma zaman rabon ruwa da manoma na bana za a yi shi ne da taswirar ramukan ƙwai a kan tebur.